Romon babban farin wake: me ya sa yake ƙin nuna, kuma yaya ake sa shi ya yi kauri?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Hajiya. Daga unguwar Sabon Gari nake, nan Damagaram. Wata ƙawata ta kawo mini tsarabar wani farin wake manya-manya masu faɗi, kowane ɗaya ya kai farcen babban yatsa, ta ce romonsa ake yi a sha da burodi. Na dafa shi yadda nake dafa wakenmu, na zuba tumatir da kayan miya tun farko, da na ga ya ƙi nuna sai na jefa kanwa. Abin da na sauke ba ya ganuwa: ɓawo na yawo a sama, wasu sun narke, wasu da ƙarfinsu, ruwan tsululu, ga ɗan ɗaci-ɗaci. Saura kusan kilo guda, ba na son in sake ɓata shi. Ina kuskurena yake?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, waken bai yi laifi ba, hannunki ma lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne kin yi masa girkin wakenmu na gida, alhali jinsinsu daban. In na fahimce ki, abu uku kike nema: ya nuna gaba ɗaya lokaci guda, romon ya yi kauri, ɗacin kuma ya tafi. Duka ukun suna rataye ne a kan abu guda, wato abin da ya riga wani shiga tukunya. Kayan da kika zuba daidai ne, jerin zubawar ne ya kife.

Wane irin wake ne wannan?

Shi ne wanda wasu ke kira waken rumfa, saboda yaɗonsa hawa yake yi. A jikin leda ko gwangwani za ki ga an rubuta haricot de Lima ko pois du Cap da Faransanci, ko butter beans da Turanci, masana tsirrai kuma suna ce masa Phaseolus lunatus. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, mai manyan 'ya'yan nan daga yankin Peru, shi ya sa aka laƙaba masa sunan Lima, babban birnin ƙasar. A Afirka, Madagaska ta daɗe da yin suna wajen nomansa. Wakenmu kuwa, wanda Nijar take cikin ƙasashen da suka fi kowa noma shi a duniya, ɗan Afirka ne, ƙwayarsa ƙarama, ɓawonsa siriri, ko ba a jiƙa shi ba yana nuna.

Bambancin da zai dame ki a murhu shi ne girma. Kafin ruwa da zafi su ratsa zuwa tsakiyar ƙwaya mai wannan kauri, bayanta ya daɗe da nuna. In wuta ta yi yawa, tukunya na ɓararraka, ƙwayoyin suna karo da juna, ɓawon ya saɓule ya taso, bayan ya narke, cikin yana nan da ƙarfinsa. Abin da kika gani ke nan. Amma fa wannan garin da ke cikinsa mai laushi kamar man shanu shi ne dukiyarsa, shi ne zai ba ki kaurin da kike nema ba tare da kin sa fulawa ko garin komai ba.

Ɗacin, da dalilin zubar da ruwan farko

Wannan waken yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin, irin wanda ke cikin rogo mai ɗaci. In ƙwayar ta jiƙa ko ta fashe, sinadarin yakan saki gubar sayanayid. Manyan farare da ake sayarwa don ci nasu kaɗan ne, masu launi da na daji su ne suka fi yawa, amma ko farin ba a cinsa ɗanye ko rabin dahuwa. Sauƙin abin shi ne gubar tana bin ruwa, tana kuma bin tururi ta fita. Don haka ake jiƙa shi a zubar da ruwan, a tafasa shi da ƙarfi a buɗe, ban da murfi, a sake zubarwa. Ke kuma kin dafa shi cikin ruwa guda tun daga farko har saukewa, sannan kanwa ta ƙara nata baurin a kai.

Tsintar wake da jiƙo

Ki ɗebi rabin kilo, zai ishi mutum shida, domin in ya dahu yana ninka nauyinsa fiye da sau biyu. Sauran ki zuba a kwalba ko gora mai murfi ki toshe sosai saboda ƙwari. Ki baza a faifai ki tsince tsakuwa, da masu huji, da waɗanda suka yamutse ko suka yi ja-ja. In kin ji warin maganin ƙwari a jikin wake, kowane iri ne, kada ki yarda wanki zai raba ki da shi, ki haƙura da shi kawai.

Ki wanke, ki zuba masa ruwa lita 2, ki narka gishiri babban cokali ɗaya a ciki. Na san an saba jin cewa gishiri yana hana wake nuna. A wajen jiƙo akasin haka ne: gishirin yana sassauta ɓawon, ya sa shi miƙewa tare da ƙwayar yayin da take kumbura, maimakon ya tsage. Awa 8 zuwa 12 ake so. Lokacin hunturu, ki jiƙa bayan sallar isha'i ki dafa da hantsi, babu abin da zai same shi. Lokacin bazara kuwa, watan Afrilu da Mayu da zafin Damagaram ke haura digiri 40, in kin bar shi a ɗaki tun dare za ki tashi ki tarar da kumfa da warin tsami. Sai ki sa shi a firiji, in babu ki ajiye kwanon a gindin randa, ki canja ruwan sau ɗaya, kada kuma ya wuce awa 6 zuwa 8. Tsamin nan ba wari kaɗai ba ne matsalarsa, yana hana waken nuna.

Ga yadda za ki gane ya jiƙu. Da farko ɓawon yana yamutsewa kamar yatsun da suka daɗe a ruwa, daga baya ya cika ya yi sumul. Ki raba ƙwaya ɗaya biyu da farce: in launinta ɗaya ne har tsakiya, ta yi, in akwai farin busasshen wuri a ciki, da saura. In mantuwa ta same ki ba ki jiƙa ba, ki tafasa shi minti 2, ki sauke, ki rufe ki bar shi awa guda cikin ruwan zafin. Yana fidda mutum kunya, sai dai ya fi fashewa.

Kayan da za ki tanada

Nama rabin kilo mai ƙashi, na rago ko na akuya, wuya ko haƙarƙari ko ƙwauri. Tsoka zalla ba ta ba da romo, ƙashi da jijiya su ne ke sa ruwa ya yi danƙo a leɓe. Albasa manya guda 2, 'yar Galmi in kin samu, tafarnuwa ɗiya 5, ɗanyar citta kamar gaɓar yatsa, karoti 3, tumatir nunannu 4 da tumatirin gwangwani babban cokali ɗaya, garin jan tattasai irin na Diffa babban cokali 2, attarugu ɗaya, man gyaɗa babban cokali 4, masoro, kanumfari guda 2 kacal, da daudawa ƙwaya ɗaya. Ta kalwa ta fi dacewa a nan. Daudawar batso tana da ƙarfi, shi kuma waken nan ɗanɗanonsa sanyi gare shi, in za ki sa ta to ɗan kaɗan, in ba haka ba ita kaɗai za a ji. Ganyen seleri da lemun tsami ki ajiye su gefe, na ƙarshe ne. Ban da waken kansa, duk waɗannan kina samunsu a Kasuwar Dole.

Dahuwar

Ki tsiyaye ruwan jiƙon ki zubar, ki ɗauraye waken. Ki ɗora shi da sabon ruwa wanda ya sha kansa sosai, ki ba shi wuta. Daga lokacin da ya fara tafasa da ƙarfi ki ƙirga minti 10 cif, tukunya a buɗe, kina kwashe farin kumfan da ke tasowa. Ki juye a kwando ki zubar da ruwan. Wannan ce kaɗai gaɓar da ake so ya ɓararraka.

Kafin nan nama ya riga ya hau wata tukunyar, mai kaurin gindi, da ruwa lita 2 da rabi, da albasa ɗaya a yanke, da citta, da kanumfari, da daudawa, da ɗan gishiri. Ki ba naman akuya ko rago minti 30 shi kaɗai, in na sa ne ko tsohuwar dabba ki ba shi awa guda, domin in kin haɗa su lokaci ɗaya waken zai narke nama bai yi ba. Sai ki juye waken cikin romon yana da zafinsa. Kada ki bar shi ya huce a kwando, iska tana busar da ɓawon ya tsattsage.

Daga nan sai a rage wuta. A kan gas, ki mayar da ita can ƙasa. A murhun gawayi, ki kwashe rabin garwashin, ko ki yayyafa toka a kai. Abin da kike son gani shi ne ruwan yana motsi a hankali, ƙwayar kumfa na tasowa ɗaya-ɗaya tana fashewa, ɓul, ɓul, waken yana kwance a ƙasa ba ya tsalle. Ki ɗora murfi a karkace. Kada ki riƙa juyawa da ludayi, in kina tsoron kamu ki kama kunnuwan tukunyar ki girgiza ta. In ruwa ya ja har kan waken ya fito, ki ƙara ruwan zafi daga buta, ban da na sanyi.

Sabon wake da ya jiƙu sosai yakan nuna cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Wanda ya kwana biyu yakan kai awa ɗaya da rabi. Babu wanda zai yanke miki lokaci daga nesa, domin ya danganta da shekarun waken da ruwan da kike girki da shi, don haka daga minti 40 ki fara gwadawa. Ki ɗebo ƙwaya biyar daga wurare daban-daban, ki danna kowace da harshe a ganɗa. In duka biyar sun baje kamar dafaffen dankali, babu gari-gari a tsakiya, ya nuna. In huɗu sun yi ɗaya ta ƙi, ki ƙara minti 10. Karoti yana shiga ne in waken ya yi rabin dahuwa.

Tumatir sai daga baya

Nan ne babban kuskurenki yake. Abin da ke riƙe da ƙwayar wake wani danƙo ne da ake kira pektin, dahuwa ita ce narkar da shi. Tsami yana ƙarfafa wannan danƙon, ya hana shi narkewa. Tumatir, tsamiya, yakuwa, lemun tsami, duk aikinsu ɗaya. Waken da ya haɗu da tumatir tun yana ɗanye zai iya shafe awa uku a wuta yana nan da taurinsa. Wakenmu yana ɗan jure wannan don ƙanƙantarsa, shi ya sa ba ki taɓa lura ba.

Saboda haka, yayin da waken ke dahuwa, ki soya kayan miyarki daban. Ki zuba man gyaɗa a ƙaramar tukunya, ki yanka albasa ta biyun ƙanana ki soya a wuta marar ƙarfi kamar minti 10, har ta yi laushi ta fara ja. Kada ki yi gaggawa a nan, zaƙin romon daga wannan albasar yake fitowa. Ki sa dakakkiyar tafarnuwa minti ɗaya, sai tumatirin gwangwani ki soya shi har ya yi duhu, sai jajjagen tumatir da attarugu, sai garin tattasai a ƙarshe don saurin ƙonewa gare shi. Ki bari har ruwan ya ƙone mai ya taso a gefe. In busasshen tumatir za ki yi amfani da shi, ki wanke ƙasar, ki jiƙa, ki daka, kuma ki rage yawansa don ya fi ɗanye tsami.

Sai waken ya ci jarrabawar ƙwaya biyar ɗin nan sannan ki juye soyayyen kayan a ciki. Yanzu tsamin ya koma yi miki aiki, shi zai riƙe ƙwayoyin kada su dagargaje a sauran mintunan da suka rage.

Maganar kanwa

Ba na hana kanwa, mu da muke maƙwabtaka da ƙasar Manga inda ake haƙo ta, kuma gaskiya ne tana sa wake nuna da wuri, don tana narkar da danƙon da tsami ke ƙarfafawa. Amma tana da farashi. Tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken, tana mayar da farinsa ruwan ƙasa, in ta yi yawa kuma sai ki ji santsi da ɗanɗanon sabulu. Ga wannan waken ma abin ya fi muni, domin bayansa take fara ci tun cikin bai nuna ba. Da kika jefa ta cikin tukunyar da tumatir ya riga ya shiga, sai biyun suka yi ta kokawa, waken ya sha wahala a tsakani.

Wuri biyu ne take da amfani. Na farko in waken tsoho ne, wanda ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima. Na biyu in ruwanku mai nauyi ne, irin na wasu rijiyoyi da sabulu ba ya kumfa a ciki, yana kuma barin farin ɓawo a gindin buta. In ya kai awa ɗaya a wuta babu alamar laushi, ki ɗauki kanwa ungurnu kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya, ki narka a rabin kofin ruwa, ki bari yashin ya kwanta, ki tsiyaye na saman a tukunya. Kada ki ƙara. In bikarbonat gare ki, kwatan ƙaramin cokali ya isa. Akwai kuma waken da ya tsufa har babu abin da zai sa shi laushi, wannan sai dai a niƙa.

Kaurin

Bayan kin zuba kayan miya, ki kwashi waken ludayi biyu cike, da ɗan romo, ki zuba a kwano ki dame da bayan ludayi ko maburgi har ya zama kamar kunu, ki mayar cikin tukunya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waken ke nan. In kin dame fiye da haka kin koma fate, ko miyar waken tuwo, wanda ba shi ake nema ba. Ana so cokali ya ɗebo romo mai kauri da ƙwayoyi uku ko huɗu a tsaye cikinsa. Ki bar shi minti 15 a ƙaramar wuta, tukunya a buɗe. Yanzu kam dole ki juya, a hankali, muciya tana taɓa gindin tukunya, domin garin waken yana kwanciya ƙasa kuma nan da nan yake kamawa. In kin ji ƙauri, kada ki kankare. Ki sauke, ki juye na saman cikin wata tukunya, ki bar na ƙasan. Da zarar kin kankaro shi, ƙaurin ya gama da romon duka.

Ki sauke shi yana ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kike so, saboda yana ƙara kauri in ya huce. Ki ɗanɗana gishiri, ki barbaɗa masoro da yankakken seleri, ki rufe minti 10. In kin ɗanɗana kin ji kamar akwai abin da ya rage alhali gishiri ya ji, lemun tsami yake nema, rabin ɗaya ya isa tukunyar. Mai son gardi ya ɗiga soyayyen man shanu ƙaramin cokali a kwanonsa. Da burodi ake sha, amma yana tafiya da farar shinkafa, da masa ma.

In babu nama, ki ƙara albasa ɗaya da man gyaɗa cokali 2, ki sa busasshen kifi da kika gyara ko ki bar daudawa ta yi aikin. In na gwangwani kika samu, an riga an dafa shi: gwangwani mai giram 400 yana ba da wake wajen giram 240 bayan an tsiyaye, don haka guda 5 ne madadin rabin kilon busasshe. Ki ɗauraye, ki zuba a minti 15 na ƙarshe. Mai tukunyar matsin tururi kuma kada ta tsallake tafasar minti 10 a buɗe, kada ta cika tukunyar fiye da rabi don waken yana kumfa ya toshe hancin, ta ba shi kamar minti 10, ta bari tururin ya sauka da kansa. Randa kilonki ya ƙare, wannan tsarin yana yi da farin wakenmu, sai dai ba ya buƙatar doguwar jiƙa kuma romonsa bai kai wannan santsi ba.

Kumburin ciki da ajiya

Iskar da wake ke sawa daga wasu nau'o'in sukari ne da cikinmu ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su ci su, su saki iska. Zubar da ruwan jiƙo da na tafasar farko yana rage su, bai kawar da su duka ba. Wanda bai saba ba ya fara da ƙaramin kwano. Mai ciwon ƙoda da likita ya ƙayyade wa abinci ya tambaye shi tukuna, domin waken nan yana da sinadarin potasiyom da yawa.

Romon wake yana saurin lalacewa, balle mai nama. Kada ya wuce awa 2 a waje bayan an sauke, lokacin zafi ma awa ɗaya. Ki raba shi a ƙananan kwanoni marasa zurfi ya huce da wuri, sannan firiji, inda zai yi kwana 3 in wuta ba ta yi ta ɗaukewa ba. A firiza yana kai wata 3. In babu firiji, dabarar da ta fi ita ce ki dafa daidai cin yini, rubu'in kilo maimakon rabi. Tafasa shi da dare a rufe da muke yi yana taimakawa a hunturu, amma ba abin dogaro ba ne da bazara, kuma in kin buɗe da safe kin ga kumfa ko kin ji tsami, zubarwa za ki yi, ɗumame ba ya gyara shi. Wanda ya kwana a firiji za ki tarar ya daskare kamar tuwo. Ki zuba masa ruwan zafi kofi ɗaya, ki ɗora a ƙaramar wuta kina juyawa har ya tafasa sosai, sannan ki sake duba gishirinsa.